Awo da Mudun Bara: Darasi Daga Zazzaɓin Lassa

Manomin Dogon Dawa, a ƙasar Birnin Gwari, ya san wata gaskiya da masana ke kai-kawo a kanta. Idan ya zuba sabon taki bana, masararsa ta fi ta bara yawa, ba ya gaggawar yabon takin, domin damina ba ta zama ɗaya. Wataƙila bara ruwa ya ɗauke da wuri, ko kuwa 'yan bindiga sun hana shi nome gonar a kan kari. Mai neman tabbaci sai ya raba gonarsa biyu a damina guda.

Haka ƙa'idar gwajin magani take. Akan raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bai wa wasu sabon magani, wasu kuma wanda aka saba, sannan a kwatanta. Amma idan cuta mai saurin kisa ce, masu bincike kan ga bai dace a hana kowa sabon maganin ba, sai su auna sakamakonsa da bayanan majinyatan da aka yi jinyarsu a baya.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, misali ne da ya shafe mu. A 1986 Dakta Joseph McCormick da abokan aikinsa suka wallafa bincikensu na Saliyo kan maganin ribavirin. Cikin masu tsananin ciwo da ba su sami maganin ba, kashi 55 cikin ɗari sun rasu. Cikin waɗanda suka same shi a kwanaki shidan farko kuwa, kashi 5 kacal. Da wannan hujja likitocinmu suka daɗe suna dogaro. Sai ga shi a 2022 masana sun sake bin diddigin bayanan, suka ce hujjar na da rauni, domin rukunan biyu ba su yi daidai da juna ba.

Wannan ba kira ba ne ga majinyaci ya ƙi magani. Kira ne ga hukumomin lafiya su tallafa wa gwaji na ƙuri'a, su kuma kula da rajistar asibitocin karkara. Inda rashin tsaro ya kori ma'aikacin lafiya, rajista ta tsaya, to ko mudun baran ma babu. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.