Horar da malaman kwamfuta: Abin da ya faru a Ingila

A watan Satumba na shekarar 2014 ne makarantun gwamnati a Ingila suka soma aiki da wata sabuwar manhajar karatu ta ilimin kwamfuta, wadda ta maye gurbin tsohon darasin da ake koya wa ɗalibai amfani da Word da Excel.

Sabuwar manhajar ta buƙaci 'yan sakandare masu shekaru 11 zuwa 14 su fahimci yadda ake tsara algoridim, musamman na jeranta bayanai da na binciko su, kuma su iya kwatanta hanyoyi daban-daban na warware matsala guda.

Sai dai kuma yawancin malaman da aka ɗora wa wannan nauyi, su kansu ba su taɓa koyon abin ba.

Mene ne algoridim?

Algoridim dai shi ne jerin matakai, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda idan aka bi su za a warware wata matsala. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

A ɗauki misalin rajista mai sunayen ɗalibai 1,000, waɗanda aka jera bisa tsarin abacada. Mai neman suna guda zai iya farawa daga sama yana bi ɗaya-ɗaya, kuma idan bai yi sa'a ba sai ya duba sau 1,000.

Amma idan ya buɗe tsakiyar rajistar, ya ga ko sunan yana gaba ko yana baya, ya yi watsi da rabin da ba ya buƙata, sannan ya ci gaba da rabawa haka, ba zai wuce dubawa 10 ba. Ko da sunayen sun kai miliyan ɗaya, dubawa 20 ta isa.

Kowane malami zai iya haddace wannan misali cikin yini guda. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ɗalibi ya zo da tasa hanyar, wadda ba ta cikin littafi. Tilas malamin ya iya bin matakan yaron, ya gano ko hanyar na aiki a kowane hali, kuma idan ba ta aiki, ya ƙirƙiro misalin da zai nuna masa inda ta karye. Wannan ƙwarewa ce horon kwana biyu ba ya bayarwa.

Ƙarancin malamai

Tun a shekarar 2012 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta yi gargaɗin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na malaman darasin ke da takardar ƙwarewa a fannin.

A wani rahoton da ta sake fitarwa a 2017, ƙungiyar ta ce fiye da rabin makarantun sakandare a Ingila ba sa shigar da ɗalibai jarrabawar GCSE ta kimiyyar kwamfuta, kuma tsakanin 2012 da 2017 kashi 68 cikin ɗari kaɗai aka samu na sababbin malaman da gwamnati ta yi niyyar ɗauka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wanda ya iya rubuta shirin kwamfuta yakan samu albashi mafi tsoka a kamfanoni.

Da farko, ƙungiyar malamai ta Computing At School ce ta ɗauki yawancin ɗawainiyar, inda gogaggun malamai ke koya wa takwarorinsu na makarantun da ke kusa. Sai a 2018, shekaru huɗu bayan soma aiki da manhajar, gwamnati ta kafa cibiyar ƙasa ta koyar da ilimin kwamfuta da kuɗi fam miliyan 84, da nufin horar da malamai kimanin 8,000. An tsara wa kowane malami horo na aƙalla sa'o'i 40.

Abin lura shi ne wani ɓangare na irin wannan horo ba ya buƙatar kwamfuta sam. Akwai wata dabara da Farfesa Tim Bell na Jami'ar Canterbury ta ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka ɓullo da ita a shekarun 1990, inda ake raba wa ɗalibai katuna masu lambobi, su tsaya a layi, su riƙa musayar wuri biyu-biyu har lambobin su jeru daga ƙarami zuwa babba.

Daga nan sai a ƙidaya yawan musayar da aka yi, a sake gwada wata hanyar, a ga wadda ta fi sauri. Bayan haka ne ake zama gaban kwamfuta a rubuta matakan a harshe irin su Python.