Me Ya Sa Bara Ta Fi Bana Daɗi?

Duk wanda ya taɓa zama da dattawa a kasuwar Rano, ko a wata majalisa a Kibiya bayan sallar la'asar, ya san inda hira ke nufa. Za a ce da can damina ba ta saɓa alkawari, gyaɗa na cika rumbu, marina na ta aiki, yaro kuma na kowa ne. Hausawa sun daɗe da lura da wannan hali, shi ya sa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Tambayar da masana halayyar ɗan Adam suka yi ita ce: barar ce ta fi, ko kuwa tunawar ce ke ƙara mata gishiri?

A shekarar 1688 wani ɗalibin likita a Basel ta ƙasar Suwizalan, Johannes Hofer, ya bayyana begen gida a matsayin cuta mai kwantar da mutanen da suka yi nisa da garuruwansu. Yau ba a ɗauke shi cuta ba. Binciken Constantine Sedikides da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila ma ya nuna begen da yana rage kaɗaici.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ƙwaƙwalwa ke ajiya. Mutane na zaton kamar kaset take, a danna a ji abin da aka ɗauka. Tun 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna ba haka ba ne. Ya ba mutane wani labari, ya riƙa sa su maimaita shi bayan kwanaki da watanni, sai ya ga kowa yana zubar da abin da bai saba da shi ba, yana cike gurbin da abin da ya dace da tunaninsa. Wato duk lokacin da muka tuna abu, sake gina shi muke yi, kamar yadda ake yaɓen ɗakin ƙasa kowace rani. Bugu da ƙari, an gano cewa zafin abin baƙin ciki yana saurin dusashewa fiye da daɗin abin farin ciki, kuma dattijo ya fi tuna abin da ya same shi tsakanin shekara 10 zuwa 30. Don haka mutumin Kibiya da aka haifa a 1950, mafi yawan labarinsa daga 1960 zuwa 1980 zai fito, lokacin da gwiwarsa ke da ƙarfi, iyayensa kuma suna raye. Sau da yawa ƙuruciyarsa yake bege, sai ya ɗora wa zamanin.

To amma a cikin waɗannan shekaru ne aka yi farin 1973, kuma a 1975 cutar da ta afka wa gyaɗa ta karya manoman ƙasar Kano. Talaka na biyan haraji, Bafulatani na biyan jangali, har sai da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Agana ba a tabbatar da ƙarewarta a duniya ba sai a 1980. Kurkunu kuwa, wanda ke kwantar da manomi ana tsakiyar noma, a 1988 an ƙidaya masu ɗauke da shi fiye da dubu 600 a Nijeriya.

Wannan ba ya nufin dattawa ƙarya suke yi. Darajar naira ta faɗi ƙwarai tun fitowarta a 1973, gonar gado kuma ta ƙanƙance saboda rabo. Abin da ya fi damuna shi ne idan bege ya shiga shawarar lafiya, a ji mutum na cewa su ba a yi musu rigakafi ba, ga su nan garau. Mai faɗin haka shi ne ya tsira. Tsaransa da ƙyanda da agana suka kwashe ba sa cikin majalisar, balle a ji ta bakinsu. A tambayi tsohuwa 'ya'ya nawa ta haifa, nawa suka rayu, za a ji lissafin ya bambanta da na majalisar maza.