Shaidar da Ƙashin Maƙogwaro ke Bayarwa a Binciken Kwarangwal

1.0 Gabatarwa

Idan aka tono gawa bayan nama ya zagwanye, alamun da likita kan dogara da su wajen gane shaƙewa, kamar kurjewar fata da taruwar jini, duk sun ɓace. Abin da ya rage shi ne ƙashi. Wannan maƙala ta dubi iyakar abin da ƙasusuwan maƙogwaro za su iya tabbatarwa, domin a kan fassararsu kotu kan ɗaure mutum ko ta sallame shi.

2.0 Ƙashin Hayoyid

Hayoyid ɗan ƙaramin ƙashi ne mai siffar kofaton doki, yana ƙarƙashin haɓa, ba ya haɗe da wani ƙashi. Yana da gangar jiki da ƙahoni. A ƙuruciya guringuntsi ne ke riƙe manyan ƙahonin, sai da shekaru suke manne wa gangar, a wasu mutanen kuwa ba sa mannewa har mutuwa. Saboda haka idan guringuntsin ya ruɓe, ƙashin kan rabu gida uku, wanda bai ƙware ba sai ya ɗauka karaya ce.

A nazarin da Douglas Ubelaker ya wallafa a 1992, an sami karayar hayoyid a kashi 34 cikin ɗari na waɗanda aka shaƙe da hannu, kashi 11 na waɗanda aka shaƙe da igiya, da kashi 8 na waɗanda suka mutu ta rataya. Ke nan, samun ƙashin lafiya lau ba ya kore zargin shaƙewa.

3.0 Lokacin Rauni

Karayar da ta fara ɗoruwa ta auku ne tun mamacin yana raye. Wadda ta auku dab da mutuwa, bakinta kan yi launi ɗaya da sauran ƙashin. Wadda nauyin ƙasa ko bakin shebur ya haddasa daga baya kuwa, bakinta kan fi haske, ya kuma yi kaushi.

4.0 Yanka

Wuƙa kan bar siririyar tsaga a gaban ƙasusuwan wuya guda bakwai. A 2012 hoton na'urar CT ya nuna cewa an yi wa Fir'aunan Masar Ramses na Uku yankan da ya kai har ƙashi. Sai dai wuƙa na iya tsinke jijiyoyin wuya ba tare da ta taɓa ƙashi ba.

5.0 Kammalawa

Ƙashin maƙogwaro ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Wajibi ne a auna shaidarsa da shekarun mamacin, da yanayin kabarin, da yadda aka yi tonon, kafin a rubuta musabbabin mutuwa.