Daga Mazari Zuwa Masana'anta: Ina Saƙar Ƙasar Rano Ta Tafi?

A labarin Hausa Bakwai, da aka raba wa 'ya'yan Bawo ayyuka, Gobir aka bai wa yaƙi, Katsina da Daura suka samu kasuwa, Kano da Rano kuwa aka kira su Sarakunan Baba, saboda saƙa da rini. Yaro ɗan Rano ko Kibiya da ya ji wannan a yau sai ya yi mamaki, domin rigar da ke jikinsa daga Sin aka kawo ta.

A da, tufa a cikin gida take farawa. Manomi ya noma auduga da baba. Mata su gurje audugar su fitar da angurya, su shiɓe ta, su kaɗa zare da mazari. Masaƙi ya yi wadari, ya zauna da allera da ƙoshiya yana fitar da sawaye. Maɗinki ya harhaɗa su, marini ya tsoma a karofi, mabugi ya buge da shuni har tufar ta riƙa ƙyalli. Ƙwarya ɗaya ta turkuɗi takan bi ta hannun gidaje da dama, kowane gida da rabonsa. Garuruwan kudancin Kano, musamman Kura, sun yi suna a wannan sana'a har cikin Sahara. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ake kaiwa Tambutu duk shekara.

Ingila ma haka ta faro, sai dai su da ulu, wato gashin tumaki. Tumakinmu ba su da irin wannan gashi, shi ya sa mulufi da wasu alkyabbu a da ta hamada fatake suke kawo su. A da, a yankin Yokshaya, attajiri kan raba wa gidaje ulu, mata su kaɗa, maza su saƙa. Sai a 1733 John Kay ya ƙirƙiro ƙoshiya mai gudu, wajen 1764 James Hargreaves ya yi injin kaɗa zare da yawa a lokaci guda, a 1771 kuma Richard Arkwright ya kafa masana'antar kaɗin auduga mai aiki da ƙarfin ruwa. Sannu a hankali aiki ya bar gida ya koma ƙarƙashin rufi ɗaya. Abin bai zo da daɗi ba, don tsakanin 1811 da 1816 masu sana'ar hannu sun yi ta farfasa injuna saboda an raba su da abincinsu.

Bambancin shi ne, can injin daga cikin sana'ar ya tsiro, 'yan ƙasar suka ƙera shi don su magance matsalar da suka sani. A nan kuwa daga waje ya faɗo mana. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, yana kwasar gyaɗa da auduga yana sauke yadin Manchesta. Da zaren kanti ya yawaita, mata ne suka fara rasa kuɗin kaɗi, daga baya masaƙa suka bi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna, wasu suka biyo baya a Kano, a Bompai da Sharaɗa da Challawa, dubban mutane suka samu aiki. To amma injunan na waje ne, kayan gyaransu ma haka. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, ga rashin wuta, ga yadin fasa-ƙwauri, sai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Kaduna ta tsaya a 2002. An saki na hannu, na guje kuma bai kamu ba.

Ba cewa ake a watsar da inji a koma mazari ba. Amma har yanzu akwai masu neman saƙi da gwado da turkuɗi, akwai kuma dattawan da suka iya aikin. Ya kamata masarautar Rano da ƙananan hukumomin Rano da Kibiya su nemo su, su haɗa su da matasa a wuraren koyon sana'a, a samar musu da zare mai kyau da kasuwa. Mu kuma masu saye, idan sallah ko biki ya zo, mu tuna da na gida kafin mu nufi kasuwar Kantin Kwari.