Tashar Jiragen Ruwa ta Kwatano da Matsalar Wutar Lantarki a Jamhuriyar Benin

Jamhuriyar Benin, wadda a da ake kira Dahome kafin a sauya mata suna a 1975, ƙasa ce siririya da ke yamma da Nijeriya. Gaɓar tekunta ba ta wuce kilomita 125 ba, amma a wannan ɗan tsukin ne arzikin ƙasar ya fi taruwa, domin a nan tashar jiragen ruwa ta Kwatano take. An buɗe tashar a 1965. Kafin nan jirage kan tsaya ne can cikin teku, a riƙa jigilar kaya da ƙananan kwale-kwale zuwa wata doguwar gada ta ƙarfe.

Sunan wannan birni ya daɗe da shiga bakin Bahaushe. Idan aka ce mota "'yar Kwatano" ce, ana nufin an yi amfani da ita a Turai kafin a kawo ta. Wannan ya nuna irin aikin da tashar ke yi. Kaso mai yawa na kayan da ake saukewa, kamar shinkafa da motoci da daskararrun kaji, ba don mutanen Benin ake kawo su ba. Wasu Nijeriya suke shiga, ta hanyar da doka ta yarda da wadda ba ta yarda ba, wasu kuma Nijar suke nufa, ƙasar da ba ta da teku. A da jirgin ƙasa kan ɗauki kayan Nijar daga Kwatano zuwa Faraku, tafiyar kilomita 438, sannan manyan motoci su ƙarasa da su Malanbil, su haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya. Daga baya motoci suka karɓe aikin gaba ɗaya. Abin da Benin ke fitarwa nata na kanta kuwa, auduga ce kan gaba.

To, amma tasha irin ta zamani ba ta tafiya sai da lantarki. Injinan ɗaga kwantena suna buƙatarsa, haka ma kwamfutocin kwastan. Kwantenar kifi ko ta kaji kuwa, in wuta ta ɗauke ta daɗe, kayan sun lalace ke nan. Nan ne Benin ta daɗe da rauni, domin shekara da shekaru yawancin wutar da take sha daga waje take sayowa. A 1968 ita da Togo suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai suna CEB, wadda ta riƙa sayo wuta daga madatsar ruwa ta Akosombo a Gana. A 1987 ƙasashen biyu suka ƙara da tasu madatsar ta Nangbeto a kan kogin Mono, mai ƙarfin megawat 65. Da ruwan Akosombo ya ja baya saboda fari a 1998, sai Kwatano da Lome suka shiga duhu na tsawon watanni, masu hali suka koma ga janareta. An sake shan irin wannan wahala a 2006 da 2007. A 2007 ne aka haɗa layin wuta daga Ikeja a Legas zuwa Sakete, wato Nijeriya ta shiga cikin masu sayar wa Benin wuta, duk da cewa ita ma nata gidan bai wadatu ba. Sai a 2019 Benin ta buɗe babbar tashar wuta ta Maria-Gleta kusa da Kwatano, mai megawat 127, wadda ke iya aiki da iskar gas ko baƙin mai.

Ita ma tashar jiragen ruwa rayuwarta a hannun maƙwabta take. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, cinikin shinkafa a Kwatano ya faɗi warwas. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe gadar Malanbil, motoci suka yi jerin gwano da kaya a kansu. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, amma Nijar ta ƙi buɗe nata, 'yan kasuwarta suka karkata zuwa tashar Lome, suna bi ta Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari. Abin mamaki, a cikin wannan tsamin dangantaka ne, a watan Mayun 2024, jirgi na farko ya yi lodin ɗanyen man Nijar a Seme, gabas da Kwatano, inda bututun da ya taso daga Agadem ya ƙare bayan tafiyar kusan kilomita 2,000.