Ziyarar Paris: Ba Kuɗin Shiga Louvre Ne Ya Kamata Ya Dame Mu Ba

Tun da hukumar gidan tarihi na Louvre da ke birnin Paris ta ƙara kuɗin shiga ga baƙin da ba 'yan Turai ba, daga Yuro 22 zuwa Yuro 32 daga ranar 14 ga Janairun 2026, ake ta cece-kuce. Wasu sun ce wariyar launin fata ce, wasu kuma suna ganin Faransa ce ke huce haushin sallamar sojojinta da aka yi daga Mali da Burkina Faso da Nijar. Duka ɓangarorin biyu sun yi wa labarin gurguwar fahimta. Ƙarin ya hau kan duk baƙon da ya fito daga wajen Tarayyar Turai da Norway da Iceland da Liechtenstein, don haka Ba'amurke da Basine da Baturen Ingila kuɗi ɗaya za su biya da mutumin Kano ko na Maraɗi. Gidan yana karɓar baƙi kusan miliyan 9 a shekara, gininsa ya tsufa, ga kuma satar kayan adon sarauta da aka yi da rana tsaka a Oktoban 2025 ta fallasa raunin tsaronsa. Kuɗin gyara suke nema, kuma ba su ne farau ba. Indiya ta daɗe tana karɓar kuɗi mai tsoka daga baƙo a Taj Mahal fiye da ɗan ƙasa, haka ma Masar a wajen dalar Giza.

Sauran abin da mai niyyar zuwa yake buƙata ba ɓoyayye ba ne: bizar Schengen da kuɗinta ya koma Yuro 90 tun 2024, inshorar lafiya, shaidar masauki, da tikitin dawowa. A cikin gari jirgin ƙarƙashin ƙasa zai kai ka ko'ina, sai dai ka kula da aljihunka. Wanda ya iya biyan waɗannan, Yuro 10 ba za ta hana shi barci ba.

Abin da ya kamata ya hana mu barci yana wani gini da bai wuce 'yar tafiyar ƙafa daga Louvre ba, wato tsohon mazaunin Babban Ɗakin Karatu na Faransa da ke titin Richelieu. A sashen rubuce-rubucen hannu na wannan gida aka ajiye littattafan Shehu Umarul Futi, mai littafin Rimahu, wanda duk ɗan Tijjaniyya ya san sunansa. Shehu Umaru ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da ya dawo daga aikin Hajji ya zauna shekaru a Sakkwato a wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya auri 'yarsa, bai bar garin ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Ya tafi da almajirai, ya tafi da littattafai. A 1890 kwamandan Faransa Louis Archinard ya ci birnin Segu da ke ƙasar Mali ta yau, ya kwashe taskar gidan Ahmadu ɗan Shehu Umaru, ya aika da ita Paris. Cikin ganimar akwai mujalladai sama da 500 na rubutun hannu, kuma a cikinsu akwai wallafe-wallafen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. Shi kuwa Ahmadu, bayan ya rasa mulkinsa, gabas ya nufo, kuma a ƙasar Sakkwato ya rasu.

Wato takardun da magabatanmu suka rubuta da alƙalamin kara da tawada, suka naɗe a gafaka, suna kwance a tsakiyar Paris sama da shekara 130. An buga kundin jerin sunayensu tun 1985, an kuma saka hotunan wasu a rumbun Gallica na intanet, inda kowa zai duba kyauta. Amma cikin attajirai da manyan ma'aikata da 'yan siyasarmu da ke zuwa hutu Paris duk bazara, nawa ne suka taɓa jin labarin? Sai hoto a gindin hasumiyar Eiffel, sai sayen turare da jaka a titin Champs-Élysées, a dawo gida.

Ko a gefen ita hasumiyar, kan gaɓar kogin Seine, akwai gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006. Rahoton da masana Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa Shugaba Macron a 2018 ya nuna gidan yana riƙe da kayan tarihin Afirka ta kudu da Sahara kusan 70,000, kuma Chadi ce ta fi kowace ƙasa yawan kaya a ciki, Kamaru na biye da ita. Waɗanda suka nemi nasu sun fara samu. Jamhuriyar Benin ta karɓi kayan fadar Abomey guda 26 a 2021. Senegal ta karɓi takobin da ake dangantawa da shi kansa Shehu Umaru a 2019. Ba a banza aka ba su ba, sai da gwamnatoci suka rubuta, masana suka matsa, 'yan jarida suka yi ta magana. Hausawa sun ce wanda bai yi kuka ba, ba a san yana jin yunwa ba.

Haka ma Babban Masallacin Paris, kusa da lambun Jardin des Plantes. Da yawa daga cikinmu sun yi sallar Juma'a a can, sun sha shayin na'ana'a a farfajiyarsa, sun ɗauki hoton hasumiyarsa mai tsawon mita 33 da koren rufinsa, ba tare da sanin dalilin gina shi ba. An buɗe shi a 1926 domin tunawa da dubun dubatan sojoji Musulmi daga ƙasashen da Faransa ta mallaka, waɗanda suka mutu suna yi mata yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da jininsu aka biya kuɗin wannan gini. Mafi ƙarancin haƙƙinsu a kan mai ziyara shi ne ya yi musu addu'a.

Ba na cewa kada a je Louvre, ko kada a hau Eiffel. Yawon buɗe ido halal ne, kuma Paris gari ne mai kyau. Abin da nake cewa shi ne, abin kunya ne mu ɓata makonni muna jayayya a kan Yuro 10 alhali gadon iliminmu yana hannun wasu ba mu ko tambaya ba. Gidan Arewa da ke Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da cibiyar IRSH ta Jami'ar Yamai, duk suna da masanan da za su iya wannan aiki in an ba su kuɗi da goyon baya. Ya kamata gwamnonin Arewa da majalisar Sarkin Musulmi da hukumomin Nijar su haɗa kai, su nemi cikakken kwafin waɗannan littattafai tun yanzu, sannan a shiga maganar dawo da na asali tare da Mali da Senegal.

Kai kuma mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa Paris, ka ware yini guda daga kwanakin kasuwa. Ka je Richelieu, ka shiga Quai Branly, ka kai 'ya'yanka masallacin ka gaya musu dalilin gina shi. In ka dawo ka ba da labari, ka kuma tambayi wakilinka a majalisa me yake yi a kai.