Baƙar Giyar Gareji: Al'adar Masu Dafa Giya a Gida a Amurka

Ranar Asabar da hantsi, idan ka ratsa wasu unguwannin birnin Portland na jihar Oregon, za ka iya tarar da ƙofar gareji a wangale, an fitar da mota waje, a gurbinta an girka ƙatuwar tukunyar ƙarfe a kan murhun gas. Maigidan yana tsaye da gajeren wando da muciya a hannu, abokai biyu ko uku suna zaune a gefe suna ba shi shawarar da bai tambaya ba. Ƙamshin da ke tashi kamar an haɗa kunu da soyayyen kofi. Giya ake dafawa, kuma ko kwalba ɗaya ba za a sayar ba. Mu dai yawancinmu giya haramun ce gare mu, kuma ba gayyatar kowa nake yi ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda mutum mai albashi, wanda kanti ke bayan gidansa, zai ɓata yini guda yana gumi a kan abin da zai iya saya cikin minti biyar.

Al'adar ta sha fama da doka kafin ta fito fili. Daga 1920 zuwa 1933 Amurka ta haramta sarrafa barasa da sayar da ita, mutane suka koma dafawa a ɓoye a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Da aka ɗage haramcin, an yarda mutum ya haɗa giyar inabi a gidansa, amma ta hatsi aka bar ta a baya. Haka aka zauna har watan Oktoba na 1978, lokacin da shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta fara aiki a watan Fabrairu na 1979: baligi ɗaya yana iya dafa galan 100 a shekara, wato kusan lita 380, gidan da ke da manya biyu ko fiye kuma galan 200, da sharaɗin ba na sayarwa ba ne. Jihohi kuma kowace da tata dokar. Alabama da Mississippi su ne na ƙarshe, sai a 2013 suka amince. A shekarar nan ta 1978 ne Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu dafa giya a gida ta Amurka a garin Boulder na jihar Kolorado, littafin da ya fitar a 1984 kuwa shi ne allon farko na ɗimbin masu wannan sha'awa.

Dahuwa ɗaya yawanci galan biyar ce, kusan lita 19, abin da zai cika ƙananan kwalabe wajen hamsin. Tushenta sha'ir ne da aka jiƙa ya tsira, aka busar, aka ɓarza. Ana zuba kilo biyar ko shida na wannan tsaki a cikin kula, irin dai wadda ake zuba ƙanƙara a tafi da ita yawon shan iska, sai dai an huda ta an sa mata famfo. A kwarara ruwan zafi, a juya, a tsayar da zafin wajen digiri 66, a rufe awa guda. A wannan awar ne garin hatsin ke rikiɗa ya zama sukari. Idan aka buɗe famfo, ruwa mai zaƙi da ɗan yauƙi ne ke gangarowa cikin tukunya. Dusar da ta rage wasu kan ba kaji, wasu su cuɗa ta da fulawa su gasa burodi.

Duk mai wannan harka yana da labarin ranar da tukunya ta yi masa ambaliya. Daidai lokacin da ruwan zai tafasa, kumfa kan taso gaba ɗaya kamar madara a wuta, wanda ya juya baya na ɗan lokaci sai ya tarar da murhu ya lulluɓe da baƙin sukari mai danƙo. Da yawa a kicin suka fara, irin wannan ɓarna ce ta sa uwargida ta kora su gareji. Su da bakinsu suna cewa rabin aikin wanke-wanke ne, domin da zarar ruwan ya huce, duk abin da zai taɓa shi, tiyo ne ko cokali ko kwalba, sai an tsoma shi a maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba dahuwar ta yi tsami a zubar. Wata al'adar kuma, ba a zaman dahuwa da baki a bushe: ana buɗe ta wancan karon ana sha ana sukar ta, yayin da ake jiran ta yau.

Wadda suka fi yin gardama a kanta ita ce baƙar giya mai ɗaci da ƙamshin hof. Hof wani tsiro ne mai yaɗo da ke hawa igiya ya kai mita biyar ko shida, furen macensa ake tsinka a ƙarshen Agusta zuwa Satumba. Kwarin Yakima a jihar Washinton shi ke noma kusan kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka, irin da ake kira Cascade kuwa, mai ƙamshin ɓawon lemo, an fitar da shi ne a 1972 daga binciken da aka yi a Oregon. Saboda haka mutanen yankin suna jin hof kamar gadonsu ne, har wasu kan ja igiya a bangon gida su shuka nasu. Hof ɗin da aka zuba a farkon tafasa shi ke ba da ɗaci, na dab da saukewa shi ke ba da ƙamshi, bayan kwanaki kuma a ƙara wani danƙi ɗanye a cikin jarkar da giyar ke tsumuwa don hanci ya fara ji kafin harshe.

Baƙin launi kuwa daga ƙonannen sha'ir yake fitowa. Tun 1817 wani Bature mai suna Daniel Wheeler ya ƙera gangar ƙarfe mai juyawa a kan wuta, irin ta suyar kofi, wadda ke soya sha'ir ya yi baƙi ƙirin ba tare da ya zama toka ba, kuma masu baƙar giyar Landan da Dublin suka rungume ta. To a nan gwaninta take. Hof yana da ɗacinsa, ƙonannen hatsi yana da nasa ɗacin da bauri, idan aka sake su biyun suka yi karo, sai abin ya koma kamar an jiƙa gawayi da maɗaci. Don haka baƙin hatsin ba ya wuce ɗan ƙanƙanin rabo, galibi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Wasu kan sayi wanda aka cire wa ƙaiƙayi kafin a soya, irin na kamfanin Weyermann da ke Bamberg a Jamus, tunda a ƙaiƙayin baurin yake. Wasu su jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana su tace, wasu su barbaɗa shi a kula saura minti goma a buɗe famfo. Abin da ake nema shi ne ido ya ga dare, hanci ya ji lemo, harshe kuma ya tsinci ɗan ƙaurin kofi can daga baya. A ganina wannan wahalar da kai ce, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ko sunan wannan baƙar giya ma ba a daidaita ba. Mafi yawa suna ce mata Black IPA, alhali IPA taƙaicen sunan giya ce mai haske da Ingila ke aikawa Indiya a zamanin mulkin mallaka, sai sunan ya zama kamar a ce baƙar fara. Mutanen Oregon da Washinton suka ce a kira ta Cascadian Dark Ale, da sunan duwatsun yankinsu. Na gabas suka ce a'a, ai Greg Noonan ya riga ya dafa irinta a Burlington ta jihar Vermont tun farkon shekarun 1990. Har yau kowane ɓangare da sunan da yake rubutawa.

Mu koma ga dahuwa: bayan ruwan ya huce an juye shi a jarka an zuba masa yis, sai a kai jarkar wani lungu mai sanyi, a toshe bakinta da ɗan bututu mai ruwa wanda iska ke fita ta cikinsa ɓul, ɓul. Sabon shiga yakan tashi cikin dare ya je ya tsuguna yana kallon wannan kumfa kamar mai jinya. Mako biyu a jarka, sannan a ɗura a kwalabe masu ruwan ƙasa, domin hasken rana yana ɓata hof ya sa giya wari. Ana ƙara ɗan sukari kafin a buga marfi don ta yi gas, kuma wanda hannunsa ya zarce zai ji kwalabe suna fashewa a kabad kamar harbin bindiga. Wasu mako biyun kuma na jira.

Tunda doka ta hana sayarwa, sai al'adar ta zama ta kyauta da nuna bajinta. Akwai ƙungiyoyi a garuruwa da ke haɗuwa wata-wata, kowa ya zo da tasa a ɗanɗana. Ta Maltose Falcons a Los Angeles tun 1974 take, kafin ma a halatta abin. Asabar ɗin farko ta watan Mayu rana ce ta dahuwar gayya, ana jera tukwane a fili ana yi tare. Ana kuma gasa, inda alƙalai ke ba da maki cikin 50, ashirin daga ciki na ɗanɗano, sha biyu na ƙamshi, launi da kumfa uku kacal. Daga irin wannan zama manyan kamfanoni suka fito: Ken Grossman shagon kayan dafa giya yake da shi a Chico ta Kalifoniya kafin ya kafa Sierra Nevada, kuma dahuwar kamfanin ta farko a 1980 baƙa ce. A 2011 har a fadar White House an dafa wata giya da zumar amyar gidan, zamanin shugaba Obama.

Wanda ya san yadda ake burkutu ba zai ga baƙon abu a tsirar da hatsi da tafasawa ba, dawa ce kawai ta koma sha'ir. Bambancin shi ne burkutu ba ta da hof, shi ya sa ba ta jure ajiya, kuma sana'ar mata ce ta neman kuɗin cefane. A Ingila ma ta dā mata ne ke dafa giyar gida su sayar da rara. A garejin Amurka kuwa yawanci maza ne, kuma kuɗi suke kashewa.

Ɗan'uwa da karatu ko aiki ya kai shi can, idan maƙwabci ya miƙo masa baƙar kwalba marar takarda, an rubuta haruffa da kwanan wata a kan marfinta, kada launin ya ruɗe shi ya ɗauka Maltina ce. Barasar da ke ciki takan kai kashi shida zuwa bakwai cikin ɗari, ta fi ta giyar kanti ƙarfi.